Kunnen ɗana yana zubar da mugunya, uwar mijina ta ce ciwon ne ke fita

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyar mijina. Ɗana na fari ya kusa cika shekara uku. Cikin hunturu ya yi mura mai ƙarfi, ya kwana biyu yana kuka yana jan kunnensa na dama, jikinsa zafi rau. Rana ta uku muka tashi muka tarar da ruwa mai kauri a kan matashi, kukan kuma ya tsaya. Hajiya ta ce alhamdulillahi, ciwon ya fito. Yau kusan wata biyu ke nan ruwan bai daina ba, sai ya ɗauke ya dawo, yanzu har wari yake yi. Hajiya tana ɗiga masa man shanu mai ɗumi da ruwan wani ganye, tana share masa da gashin kaza. Mijina direban babbar mota ne tsakanin Garwa da Ngaundere, ya sayo maganin ɗigawa a tasha, bai yi ba. Da na ce a je asibiti sai ya ce Hajiya ta haifi takwas ta raine su, ni ce zan koya mata? Yanzu tana maganar a kira wanzami a cire masa belu. Abin da ya fi damuna, in na kira shi ta baya ba ya juyowa sai na ɗaga murya, maganarsa kuma ba ta kai ta sa'anninsa ba. Ɗan fari ne, ina jin nauyin nuna damuwata a gaban Hajiya, kuma matar nan ba ta taɓa ɓata mini rai ba. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya saka miki da wannan lura da kika yi, domin ke ce kaɗai a gidan kika gane cewa ba ya juyowa in an kira shi. Damuwarki tana kan hanya. Yaron nan yana bukatar a leƙa cikin kunnensa a asibiti a wannan makon, ba sai mahaifinsa ya je Ngaundere ya dawo sau biyu ba. Amma ki kwantar da hankalinki. Abin da kika bayyana ciwo ne da ma'aikatan lafiya suke gani kullum, yana da magani sananne, kuma yawancin yaran da aka kula da su da wuri jinsu yana dawowa.

Bari in fara da abin da ya faru a daren nan da kuka ya tsaya, don a nan ne duk gidan ya ɗauki hanyar da ba ita ba. A ƙarshen ramin kunne akwai wata siririyar fata, dodon kunne. Bayanta akwai ɗan fili mai iska a ciki, da wasu ƙananan ƙasusuwa uku da suke miƙa sauti zuwa ciki. Wannan fili yana da wata 'yar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci, ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke tsiyayewa. A jikin ƙaramin yaro hanyar gajera ce, matsattsiya, kuma a kwance take, shi ya sa mura kaɗan take toshe ta, ƙwayoyin cuta kuma su hau daga hanci cikin sauƙi. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon kunne ya fi kama yara daga wata shida zuwa shekara biyu ko uku, kuma ya fi yawa lokacin ƙurar hunturu da mura ta zagaye gari. Idan hanyar ta toshe, mugunya sai ta taru a bayan dodon kunne tana tura shi. Turawar nan ce ta hana ɗanki barci. A dare na uku fatar ta kasa riƙewa, ta ɓule, mugunyar ta samu mafita, zogin ya sauka, kamar yadda maruru yake yin sauƙi da zarar ya fashe.

To kin ga Hajiya ba ƙarya ta yi ba, zafin ya fita. Abin da ido ba ya gani shi ne an bar ƙofa a buɗe. Sau da yawa ƙofar takan rufe da kanta cikin 'yan makonni in kunnen ya bushe. Amma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ma'aikatan kula da yara ita ce, in ruwan kunne ya kai kwana 14 yana zuba, to ya zama ciwo mai daɗewa, kuma kulawarsa daban ce. Naku ya ninka wannan sau huɗu.

Yanzu ki yi tunanin man shanun nan da ruwan ganyen. Da dodon kunne lafiya yake, da sun tsaya a waje. Tunda a ɓule yake, duk abin da aka zuba yana wucewa kai tsaye cikin wurin da ke ciwo, ya ƙara masa laima, ƙwayoyin cuta kuma laima suke so. Haka nonon uwa, haka ruwan albasa ko tafarnuwa, da duk abin da maƙwabta za su kawo miki da kyakkyawar niyya. Gashin kaza kuwa datti yake ɗauka daga tsakar gida ya kai ciki, ashana da tsinke mai auduga a kai suna iya ƙara yaga fatar. Ina da ƙarfin zaton cewa wannan zube-zuben yana cikin abin da ya hana kunnen bushewa.

Maganin tasha ma a ajiye shi daga yau. Ba kowane maganin ɗigawa ne ya dace da kunnen da ya ɓule ba. Ki duba jikin kwalbar ko kwalinta: in kin ga an rubuta néomycine ko gentamicine, irin waɗannan ana gudun su ne a kunnen da dodonsa ya ɓule, saboda suna iya ratsawa can ciki su taɓa ji, taɓawar da ba ta gyaruwa. Mai tebur a tasha bai leƙa kunnen ba, bai san ko a ɓule yake ba, kuma kin san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, maganin da ya wuni a rana ba abin dogaro ba ne. Kada ki yar da kwalbar dai, ki tafi da ita asibiti su ga abin da aka sa masa.

Maganar belu ita ce wurin da nake so ki tsaya da ƙafafunki, cikin ladabi amma ba ja da baya. Belu ba shi ne ya kawo ciwon ba, cire shi kuma ba zai tsayar da ɗigon mugunya ko ɗaya ba. Abin da zai ƙara wa yaro shi ne rauni a maƙogwaro, da haɗarin zubar jini, da ƙin cin abinci a lokacin da jikinsa ya fi bukatarsa, ga cututtukan da askar da ba a dafa ba take iya ɗaukowa, irin su ciwon hanta da sarƙewar haƙora. In ba ki samu komai ba a wannan makon sai ɗage zuwan wanzami, kin yi aiki.

Sai mu zo kan Hajiya, domin na fahimci ita ce rabin wasiƙarki. Na ji daɗi da kika ce ba ta taɓa ɓata miki ba, kuma ina so ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da za ki yi mata magana. Matar da take tashi ta narkar da man shanu ta zauna tana ɗiga wa jikanta ba sakaci take yi ba, jinya take yi da abin da ta gada. Ta raini takwas a zamanin da asibiti yake da nisa, kuma tana da hujja a idonta: ta ga kunnuwa sun yi ruwa sun bushe. Abin da ba ta da hanyar sani shi ne ko mutum nawa ne cikin waɗanda suka bushe suka girma da kunne ɗaya mai nauyi. Kowace unguwa tana da dattijon da sai an zagayo ta ɗaya gefen ake masa magana, kuma wasunsu daga irin wannan ciwon na yarinta abin ya samo asali.

Kunyar ɗan fari kuma tarbiyya ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Amma kunyar nan ta kiran suna ce da wasa da yaro a gaban manya, ba ta hana uwa neman wa ɗanta magani ba. Kuma ita wannan al'adar da ta ɗaure miki baki ita ce ta ba ki mabuɗi: a gidan Bahaushe ɗan fari ɗan kaka ne. To ki mayar mata da abinta. Ki same ta ita kaɗai, bayan sallar isha'i ko lokacin da gida ya yi shiru, kada ki ambaci man shanu ko ganye ko kaɗan. Ki ce, "Hajiya, maigidan naki ne nake ganin kamar ba ya jin kira ta wannan gefen. Ko za ki gwada shi ki gani?" Ki bari ta tsaya bayansa ta kira shi a hankali, ta gani da idonta. Sannan ki ce, "Ni tsoro nake ji in kai shi ni kaɗai, ko za ki raka mu a haska masa kunnen?" Kin ga ba ki koya mata komai ba, taimakonta kika nema. In ta shiga ɗakin duba yara da ƙafarta, ma'aikaciyar lafiya ce za ta ce a daina zuba komai, ba ke ba, kuma tsofaffi sukan karɓi magana daga bakin mai farar riga wadda ba za su karɓa daga bakin suruka ba. In akwai hali, ki raɗa wa ma'aikaciyar tun kafin ku zauna cewa ta yi bayanin da girmamawa.

Shi kuwa maigidanki, amsar da ya ba ki ta yi zafi, na sani. Amma ina jin muryar mutumin da ya dawo a gajiye ne, aka sa shi tsakanin uwarsa da matarsa, ga kuma lissafin kuɗi a ransa. Ya riga ya nuna ya damu tunda ya tsaya ya sayo magani. Kada ki tayar da maganar a gaban Hajiya, nan dole ya kare ta. Ki kira shi a waya yana hanya, ko ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce masa ba maganin Hajiya kike ƙi ba, jin yaron kike tsoro. Ki roƙe shi abu biyu kawai: izinin fita, da kuɗin mota da na kati. Ki tuna masa cewa abin da ake kashewa a tasha kwalba bayan kwalba, da ladan wanzami, in an tara zai iya kai kuɗin dubawa. A cibiyar lafiya ki tambaya game da shirin inshorar lafiya na gwamnati da aka ƙaddamar a 2023, wanda ya shafi duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ki ji ko za a yi masa rajista. Ki kuma nemi a rubuta miki maganin da ake samu a kantin maganin cibiyar, ya fi sauƙin kuɗi.

A asibiti ki faɗi komai yadda kika faɗa mini: ranar da ya fara, murar da ta riga shi, warin, da duk abin da aka zuba, ba tare da ɓoye ko ɗaya ba don kare wani. Za a share kunnen a leƙa da 'yar fitila. Leƙawar nan tana da muhimmanci, domin yara masu shekarun ɗanki sukan cusa wake ko ƙwayar masara ko dutsen ado a kunne, shi ma ya kawo ruwa mai wari, kuma wannan ba a ciro shi a gida. In ciwon mai daɗewa ne kamar yadda alamu suka nuna, abin da aka saba bayarwa shi ne maganin ɗigawa mai suna ciprofloxacine na tsawon kwana 14, tare da busar da kunne. Maganin sha irin amoxicilline ya fi amfani ne a farkon ciwon, lokacin zogi da zazzaɓi, don haka kada ki ga kamar an rage miki wani abu in ba a rubuta shi ba, kada kuma ki sayo shi da kanki. In yana jin zafi farasitamol ya isa, a auna masa gwargwadon nauyinsa, asfirin kuma ba na yara ba ne. In zazzaɓi ya zo, a gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro, kada a ɗora wa kunne komai. Idan likita ya nemi wasu gwaje-gwaje ko ya auna ƙibarsa, kada gabanki ya faɗi, kunnen da ya daɗe yana ruwa yakan sa a duba ƙarfin jikin yaro gaba ɗaya.

Busar da kunnen nan shi ne rabin maganin, kuma shi ne aikin da nake so ki damƙa wa Hajiya, don hannun da ya saba jinya ba ya son a ce masa ya zauna haka nan. A wanke hannu da sabulu, a samu farin ƙyalle mai laushi mai tsabta da yake shan ruwa, ko takarda mai laushi wadda ba ta dagargajewa, a murza ta zama siririn lagwani. A sa a bakin ramin a hankali, ba turawa ba, ba kuma a naɗa shi a jikin tsinke ba. In ya jiƙe a cire a sa sabo, har sai ya fito a bushe. Sau uku a rana. Bayan an busar ne ake ɗiga magani, in ba haka ba a kan mugunya zai zauna ya gangaro waje. A kwantar da yaro kunnen mai ciwo yana sama, a ɗiga adadin da aka rubuta, a ɗan danna tsokar nan da ke gaban ramin kunne sau da yawa don maganin ya shige, a bar shi a kwance 'yan mintoci. Ko ruwan ya tsaya a rana ta biyar, a cika kwanakin.

Wajen wanka a shafa wa auduga basilin a toshe bakin kunnen, a cire da an gama. Kada a bar auduga a ciki ya wuni da ita, kunnen yana son iska. Kuma in yayyensa na unguwa za su je wasan ruwa a kogin Binuwai ko a kududdufi in damina ta sauka, shi kam a riƙe shi a gida har sai likita ya ce ƙofar ta rufe.

Akwai alamun da in kin gan su ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran izinin da zai zo gobe. In bayan kunnen ya kumbura ya yi ja yana zafi in an taɓa, har kunnen ya turo gaba, ciwon ya shiga ƙashi ke nan. Haka in zazzaɓi ya yi tsanani da sanƙarewar wuya, ko amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko yawan barci da wuyar tashi, ko ya riƙa tangaɗi in yana tafiya, ko gefe ɗaya na fuskarsa ya karkace. Wurin da ke ciwon nan ƙashi siriri ne ya raba shi da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwon kunnen da aka yi wa sakaci yake iya komawa sanƙarau. Ba kasafai yake kai wa haka ba. Na faɗa miki ne don ki san ranar da za ki ɗauke shi ki fita, a yi bayani daga baya.

In an cika kwanakin magani ruwan bai tsaya ba, ko warin ya ci gaba, ki nemi takardar turawa zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a allon asibitocinmu ake rubuta ORL. Kina Garwa, babban birnin yankin Arewa, inda daga ƙauyuka ake turo marasa lafiya, don haka kin fi mata da yawa kusa da wannan taimako. Wani lokaci ƙofar ba ta rufewa da kanta, sai yaro ya ƙara girma a yi masa aikin liƙe ta.

Ko kunnen ya bushe, kada ki bar maganar ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 yara kusan miliyan 34 ne a duniya suke da raunin ji mai bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da ake iya kaucewa yake zuwa, ciwon kunne irin na ɗanki yana cikinsu. Shekarun nan da yake ciki su ne na ɗaukar harshe. Yaro mai shekara uku ya kamata yana haɗa kalmomi yana yin gajerun jimloli, kuma abin da kunne bai kawo ba baki ba ya maimaitawa. Nan gaba kaɗan zai zauna gaban malam da allo, sannan ya shiga aji inda ake koyarwa da Faransanci. Yaron da ba ya ji sosai a irin wuraren nan ba a cewa kunnensa ne, cewa ake yi taurin kai ne ko daƙiƙanci, har bulala ta biyo baya. Wannan yana ƙona mini rai duk lokacin da na tuna shi. Saboda haka ki nemi a gwada jinsa, kunne biyun duka, 'yan makonni bayan ruwan ya tsaya. Kafin nan ki riƙa yi masa magana kina fuskantarsa, kusa da shi, ta gefen hagu, ki kashe rediyo in kuna hira. A bar Hajiya ta yi masa tatsuniya son ranta, yana kallon bakinta.

Ki duba katin rigakafinsa ma ki tafi da shi. Tun 2011 Kamaru ta sa allurar kariya daga ƙwayar cutar da ke kawo ciwon huhu cikin rigakafin yara, kuma wannan ƙwayar tana cikin manyan masu kawo ciwon kunne. Ƙyanda ma takan bar yaro da kunne mai ruwa. In akwai allurar da ya tsallake, su gaya miki yadda za a cike. Ki nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba, domin hayaƙi yana kumbura 'yar hanyar nan ta bayan hanci. In Allah ya kawo ƙane ko ƙanwa, nono zalla na wata shida yana rage wannan ciwo, kuma kada a ba jariri abin sha a kwalba yana kwance ɗai-ɗai.

To in kin bi duk wannan Hajiya ta ƙi, maigida kuma ya ce sai abin da ta ce? Kada ki yi faɗa, kada kuma ki haƙura. Ki nemi wanda take jin nauyinsa: ƙanwarta, ko babbar 'yarta, ko malamar da take ɗaukar karatu a wurinta, ko limamin unguwa ya yi wa maigidanki magana. Su sun san hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma daga bakinsu zai fi shiga. Mahaifiyarki ko yayanki ma suna da hakkin su nemi alfarmar a kai jikansu a duba shi. Ki sa wa kanki iyaka a zuci, kada Juma'a biyu su wuce ba a leƙa kunnen nan ba. Abin da yake hannunki tun daren yau kuwa, ki fara busar da shi da ƙyalle mai tsabta, ki kare shi daga ruwan wanka, ki ɗauke kwalbar tasha daga inda hannu zai kai. In kun dawo daga asibiti ki rubuto mini abin da suka gani da abin da suka rubuta, mu duba tare yadda za ki tsara lokutan ɗigawar da ayyukan gida.